WAI HAR YANZU BA MU NUNA BA?

 

Yau kan wasu kalmomi biyu na Turanci nake son mu tattauna, kalmomin da wallahi na gaji da jin su a bakin manyanmu da 'yan bokonmu, wato "ripe" da "mature". Duk lokacin da talakan ƙasar nan ya nemi wani abu da zai taɓa kujerar wani, ba za a ce masa an hana ba, ba kuma za a ce an ba shi ba. Sai a gyara babbar riga, a yi gyaran murya, a ce masa "Nigeria is not ripe for it". A bar mutum ya tsaya takara ba tare da jam'iyya ba? Ba mu yi ripe ba. 'Yan Najeriya da ke ƙasashen waje su jefa ƙuri'a? Ba mu yi ripe ba. Matasa su riƙe wani abu? Ba su yi mature ba. Shi ke nan an kashe bakin kowa, domin an faɗe ta da Turanci, mu kuwa an san mu da jin nauyin Turanci kamar wani nassi.

To ni dai ba malamin Turanci ba ne, iyakata sakandare. Amma a rumfar kayan marmari na tashi, kuma kalmomin nan biyu kafin su shiga majalisa, na gona ne da kasuwa. Saboda haka ina da bakin magana.

Ka buɗe ƙamus ka duba, mai karatu. Ripe ana faɗinta ne ga ɗan itace ko hatsi da ya kai a girbe shi ko a ci shi. Asalinta tsohon Ingilishi ne, kuma 'yar uwar kalmar "reap" ce, wadda ke nufin girbi. Ashe ke nan akwai lauje a cikin kalmar kanta: idan aka ce abu ya yi ripe, kira ne ake yi, zo ka yanka. Ita kuwa mature daga Latin ta shigo musu, ma'anarta abu ya kai iyakar girman da aka halitta masa, ko mutum ne, ko dabba, ko bishiya. Yawancin masu jefa mana kalmomin nan suna haɗa su kamar abu ɗaya ne, alhali ko a darasin aikin gona na sakandare an raba su. Bahaushe ma ya raba su tun kafin Bature ya zo: akwai ƙosa, akwai nuna.

Bari in yi bayani da mangwaro, tun da shi kowa ya sani. Mangwaron da ake lodo daga Gboko a jihar Binuwai a kawo mana nan, ba nunanne ake tsinkowa ba. Wanda ya loda nunanne, kafin mota ta wuce Suleja kunu zai sauke. Kore shar ake tsinko shi, amma ƙosasshe: kafaɗunsa sun ciko, ƙwallon ya yi tauri, jikin ya cika. Irin wannan, ka zuba shi a kwando ka rufe da buhu, cikin 'yan kwanaki zai nuna da kansa, ya yi zaƙi. Wanda kuwa aka tsinko bai ƙosa ba, ko wata guda ya yi a rumfa ba zai nuna ba, sai dai ya yamutse ya yi tsami. Ayaba haka take, gwanda haka, tumatir haka. Lemo da abarba da kankana kuwa nasu daban ne, yadda aka tsinko su haka za su zauna, zaƙinsu ba ya ƙaruwa. Ɗan kasuwar da bai san wannan bambanci ba jarinsa ba zai ga damina biyu ba.

Sannan ga fiya, wadda wasu ke ce wa piya. Ita wannan ba ta nuna a kan bishiya ko kaɗan. Ka bar ta a sama wata da watanni, tana nan da taurinta. Sai ranar da aka tsinke ta aka ajiye ne take fara laushi. Don Allah a riƙe mini wannan, domin akwai abubuwa da yawa a rayuwar al'umma da suke irin fiya ne. Mai gonar da ya tsaya ƙarƙashin bishiya yana latsawa yana cewa "not ripe, not ripe" ko dai bai san fiya ba, ko kuwa ba ya son kowa ya ci.

Wani abin dariyar kuma, masu yi mana wannan fankamar ko kalmar ba su iya faɗa daidai ba. Kullum sai ka ji "he is not matured", ko ka ga takarda a jikin bango an rubuta ana neman "matured lady" ta tsare shago. A Turancin masu Turanci, mutum "mature" yake zama. "Matured" kuwa an fi faɗinta ga cuku da aka ajiye ya daɗe, ko kuɗin ajiya na banki da wa'adinsu ya cika. Ba na ganin laifin mai shago, Turancinmu ne na gida kuma kowa ya gane. Amma wanda zai tsaya ya auna hankalin mutum miliyan 200 da kalma ɗaya, ai ya kamata ya fara sanin kalmar. Haka nan masu cewa yarinya ta yi "ripe for marriage". A Ingila idan aka ce mutum ya yi ripe, sau da yawa ana nufin yana wari ne, ya kwana biyu bai ga ruwa ba. Mu ma a Hausa wane mai mutunci ne zai dubi 'yar maƙwabcinsa ya ce ta nuna? Cewa ake yi ta isa aure, ko ta mallaki hankalinta. Harshenmu ya san mutum ba gwanda ba ne.

Kai, idan ana maganar yalwar kalmomi a wannan fage ma, ban ga abin da Turanci zai nuna mana ba. Muna da nuna, wadda ta haɗa ɗan itace da abin da ke cikin tukunya, inda su sai sun nemo wata kalmar daban. Muna da ƙosa, ga dawa ga rago. Muna da riƙa, shi ya sa ake cewa riƙaƙƙen ɗan siyasa ko riƙaƙƙen ɓarawo, wani lokaci ma mutum ɗaya ake nufi. Muna da balaga, da girma, da manyanta, da hankali, da dattako, kuma kowa ya san mutum yana iya manyanta bai yi hankali ba, yana iya tsufa bai yi dattako ba. Muna da ɗanye, da ɗanyen kai, da ɗanyen aiki, da nunan rana. Kowace ɗaya da alamarta da ake gani. Abin da 'yan bokonmu suka yi shi ne sun tattara duk waɗannan sun cusa a buhu ɗaya sun rubuta "mature" a jiki, don kada a tambaye su wacce suke nufi.

A kasuwa idan ka ce wa mai saye kaya bai nuna ba, magana ba ta ƙare ba, farawa ta yi. Zai tambaye ka, yaushe zai nuna? Ka ce jibi. Zai latsa da hannunsa ya ji. Jibi zai dawo, idan bai nuna ba ka yi ƙarya, kuma ka rasa mai ciniki. Wato kalmar tana zuwa da rana, tana zuwa da alama, kuma mai saye yana da ikon dubawa da kansa. Ka cire waɗannan daga cikinta, abin da ya rage ba bayani ba ne, kwaɗo ne aka datse ƙofa da shi aka jefa makulli a rijiya.

Wani zai ce ai mu 'yan Arewa mu muka fara. Na san inda ya dosa. Ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro na jam'iyyar Action Group ya kawo ƙudiri a majalisa a Legas cewa Najeriya ta samu mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a sa "as soon as practicable", wato da zarar abin ya yiwu. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, a watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano, mutum fiye da 30 suka mutu. Gaskiya ne, wannan ma cewa ce ba mu nuna ba. Amma a dubi abin da ya biyo baya. Sardauna ya faɗi abin da yake tsoro ƙarara: Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin zamani, idan Bature ya tafi a lokacin wasu ne za su cike ofisoshinta. Da ya faɗa kuma bai koma ya kwanta ba. Aka shiga horar da 'yan Arewa ana cusa su aikin gwamnati, Yamma da Gabas suka karɓi mulkin kansu a 1957, Arewa ta karɓi nata a watan Maris 1959, ƙasa ta samu 'yanci a 1960, a 1962 aka buɗe jami'a a Zariya. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, "tukuna" ɗinsa ta zo da dalili, ta zo da aiki, kuma cikin shekara 6 ta ƙare. Na yanzu fa? Tasu tukunar tun ana haihuwarmu ake faɗinta, ga shi mun fara aske gemu.

Dubi batun 'yan sandan jiha. A watan Afrilu 2024, a wani taron tattaunawa da Majalisar Wakilai ta shirya a Abuja, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ta bakin wakilinsa, ya ce Najeriya ba ta yi mature ɗin da za ta yi 'yan sandan jiha ba. Mu da ke jihar Neja, jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Najeriya, muna da ikon tambaya. Ranar 17 ga Fabrairu 2021 aka shiga makarantar kimiyya ta Kagara aka kashe ɗalibi ɗaya aka tafi da 27, da malamai da iyalansu. Ranar 30 ga Mayu na shekarar aka kwashe yara fiye da 100 daga Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina, wasu ko wanka ba su iya yi wa kansu ba, suka yi kusan wata uku a daji, wasu ba su dawo ba. Iyayen yaran nan aka duba aka ce ƙasa ba ta ƙosa ba. To ta ƙosa da me, da binne 'ya'yanta?

Kada a ɗauka ina cewa 'yan sandan jiha alheri ne zalla. Ni kaina ina jin tsoronsu, kuma tsorona yana da suna. Tsofaffinmu suna ba da labarin yadda aka yi amfani da 'yan dokan En'e wajen dukan 'yan NEPU da ɗaure su a shekarun 1950, abin da ya sa bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. Mu kuma da iyayenmu suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara muna da ƙarin tambaya: idan aka zo ɗaukar 'yan sandan jiha, wa za a ɗauka, wa kuma za a ce ba ɗan jiha ba ne? Ranar da rigima ta tashi a kasuwa tsakanin baƙo da ɗan gari, bindigar tana hannun wa? Ka ga wannan magana ce da za a iya zama a kanta, a rubuta doka, a sa sharaɗi, a ce ga wanda zai naɗa kwamishina, ga wanda zai iya cire shi, ga kason kowa. Amma "not mature" fa, ta ina za ka kama ta? Ba ta da kai ba ta da wutsiya.

Mu zo kan matasa, inda abin ya fi yi mini ciwo. Yakubu Gowon yana da shekara 31 ya zama shugaban ƙasa a 1966. Murtala Muhammed yana da 36 a 1975. Janar Babangida na nan garin yana da 44 a 1985. Shi kansa Enahoro bai cika 30 ba ranar da ya kawo ƙudirin nan. Ba a tsaya latsa su an ji ko sun nuna ba. Amma sai a ranar 31 ga Mayu 2018 ne Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran da ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, bayan matasa sun yi ta zarya da kwalaye a ƙofar majalisa. A 2024 ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce sai ɗan shekara 18 zai shiga jami'a, kafin shekarar ta ƙare wanda ya gaje shi, Tunji Alausa, ya mayar da ita 16. Yaran ba su canza ba, minista ne ya canza. Wace irin nuna ce wannan da ke bin sauyin kujera?

Sannan ka lura da wata mugunta. Kana ɗan 24 a ce ba ka yi mature ba. Ka yi haƙuri, ka sha yajin aikin malamai, ka gama karatu, ka ɗauko takardar neman aiki, sai ka ga an rubuta ba a son wanda ya wuce 26 ko 27. Idan ka haura 30 kafin ka gama, ko bautar ƙasa ba za ka je ba. Daga ɗanye sai ruɓaɓɓe, babu rana ɗaya a tsakani da aka ce ga shi ya nuna a ci. Ban taɓa ganin mangwaro mai irin wannan ƙaddara ba.

'Ya'yansu kuwa kabayid ake sa musu. Wanda bai sani ba, kabayid shi ne farin dutsen nan na masu walda. Marasa tsoron Allah a cikin 'yan kasuwa suna ƙunsa shi a takarda su tura cikin lodin ayaba ko mangwaron da bai ƙosa ba, idan ya ji danshi sai ya fitar da wata iska mai kwaikwayon iskar da ɗan itace ke fitarwa da kansa lokacin nuna. Kwana ɗaya ko biyu ka ga kaya sun yi rawaya gwanin sha'awa, ka ɓare ka ji tsami, ga kuma guba, shi ya sa hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. To haka ake yi wa ɗan babban mutum: jiya ya sauko daga jirgi, yau mai ba da shawara ne, gobe ɗan majalisa. Shi babu mai cewa not ripe. Bawonsa ya yi rawaya, shi ke nan.

Amma kada mu yi ta jifan Abuja mu manta da gida, domin cutar ta shigo har cikin zaurukanmu. A ƙungiyoyinmu na kasuwa, da kwamitocin masallaci, da ƙungiyoyin 'yan gari kaza mazauna Minna, yanzu dattijon da bai taɓa zama a aji ba ma ya iya cewa "yaran nan ba su yi mature ba". Mu ne masu sauke kaya da asuba, mu ne masu karɓar kuɗin mako rumfa rumfa, mu ne masu gadi idan gari ya rikice, mu ake turawa asibiti da ofishin 'yan sanda domin mu muke jin Turanci. Amma ka ce a karanta lissafin kuɗin ƙungiya a bainar jama'a, ko a sa matashi ɗaya cikin masu sa hannu a banki, nan take za ka koma yaro. Ina girmama iyayenmu, Allah Ya sani, kuma cikinsu akwai masu dattakon da ba mu kai ƙurarsu ba. Sai dai addinin da suka koya mana bai bar wannan magana a buɗe ba. Malamai sun faɗi alamomin balaga, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya idan alama ba ta bayyana ba, shekara 18 ta yanke magana. A aya ta 6 ta Suratun Nisa'i kuma an umarci mai riƙon maraya ya riƙa jarraba shi, idan ya ga shiriya a tare da shi ya miƙa masa dukiyarsa, an kuma hana shi yin gaggawar cinye ta kafin yaron ya girma. A duba da kyau: nauyin jarrabawar a wuyan mai riƙo yake. Ba a ba shi damar ya zauna a kan dukiya shekara 20 yana cewa yaro bai yi hankali ba alhali ko sau ɗaya bai ba shi naira goma ya gani ba.

Haka ƙasar ma take yi mana gaba ɗayanmu, manya da yara, a kan takardar zama ɗan asalin jiha. An haife ka a Minna, an haifi babanka a Minna, kakanka ya zo tun zamanin da jirgin ƙasa ke raya garin nan, kuna biyan haraji a nan, kuna binne mamatanku a nan. Ranar da ka je wani ofishi neman takardar don gurbin karatu ko aikin soja, sai a ce ka koma garinku. Ka je garin naku da ba ka taɓa kwana bakwai a ciki ba, can ma a ce ba a san ka ba. Na san ba kowa ke shan wannan ba, wasu sun samu cikin sauƙi, amma duk wanda ke karanta wannan ya san gida ɗaya aƙalla da abin ya shafa. Kuma gaskiya ɗaya ce, abin da ake yi mana a nan shi ake yi wa Ibo da Bayarabe da aka haifa a Sabon Garin Kano. A Zungeru ta jihar nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, a nan aka haifi Ojukwu a 1933, amma da a ce yau suna raye suka nemi takardar, da layi ɗaya za mu bi da su. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudirin da zai ba wanda ya shekara 10 a jiha matsayin ɗan jihar, aka yi ca a kansa, ya janye. A majalisun hira da shirye-shiryen rediyo amsar da na fi ji ita ce dai waccan, ƙasar ba ta yi ripe ba. Idan tsoron shi ne baƙi za su mamaye filaye da sarautu, a faɗa, Gwari da Nupawa suna da haƙƙin a ji tsoronsu, kuma ana iya raba batun sarauta da batun gurbin karatu. Idan shekara 10 ta yi kaɗan, a ce 20, a ce 50, a ce sai jika. A dai faɗi lamba.

Ƙungiyarmu ta 'yan kayan marmari tana da zama bayan sallar Juma'a ta ƙarshen wata, kuma batun masu sa hannu a banki yana cikin abin da za a tattauna. Mu matasa mun yi shawara, duk wanda ya tashi ya ce mana mature, cikin ladabi za mu roƙe shi ya maimaita da Hausa, ya zaɓi ɗaya: ba mu balaga ba ne, ko ba mu da hankali, ko ba mu da amana. Wadda ya zaɓa, sai ya faɗi jarrabawar da za a yi mana da ranar da za a yi ta, sakatare ya rubuta a littafi. 'Yan uwa na Kasuwar Kure da Kasuwar Gwari da ke da irin wannan matsala a nasu ƙungiyoyin, ƙofa a buɗe take, a zo da wuri domin benci ba shi da yawa.